Ga 'Yan Uwanmu Masu Nema a Legas: Yadda Kuɗin Yau da Gobe Ke Zama Dukiya

Assalamu alaikum Edita.

Muna roƙon fili a jaridarka mai albarka domin mu yi magana da 'yan uwanmu Hausawa mazauna Legas, tun daga 'yan gwari na Mile 12 da mahautan Oko-Oba, har zuwa 'yan canji, direbobin tanka na Apapa, masu gadi, da matasanmu da ke aikin ofis a Ikeja da Ikko. Kuɗi na shiga hannun mutanenmu a wannan gari, ba a musun haka. Amma a duba mutumin da ya shekara ashirin yana juya kuɗi a Agege ko Idi-Araba, a tambaye shi abin da ya mallaka wanda zai ci gaba da kawo masa wani abu ranar da ƙafa ta ƙi tafiya. Sau da yawa amsar ita ce fili ɗaya a gida wanda ba a kewaye ba, sai bashin da yake bin mutane.

A ganinmu matsalar guda biyu ce, kuma kowacce tana tura mutum cikin ɗayar. Naira in ta kwanta narkewa take yi. A watan Disamba na 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ya kai kashi 34.8 cikin 100. Akwai lissafi mai sauƙi da kowa zai iya yi da ka: a raba 72 da adadin hauhawar, abin da ya fito shi ne shekarun da kuɗi zai rasa rabin ƙarfinsa. In hauhawar ta tsaya a kashi 24, miliyan ɗayan da aka ajiye a akwati ko a asusun da ba ya haihuwa, bayan shekara 3 abin da dubu 500 ke saye yau kawai za ta saya. Wanda ya ga haka sai hankalinsa ya tashi, ya shiga neman inda kuɗi zai ninka da wuri, kuma a nan ne 'yan damfara ke jiransa. MMM ta yi alkawarin kashi 30 a wata, ta rufe a Disamban 2016. CBEX ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta kife a Afrilun 2025. Tsarinsu ɗaya ne: kuɗin sabon shiga ake ba tsohon shiga a ce riba ce, ranar da sababbi suka ragu sai a kulle ƙofa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga masu shirya irin wannan, amma ɗaurin ɓarawo ba ya dawo da kuɗin hayar kowa.

Tsakanin kwanciyar kuɗi da ƙonewarsa akwai hanya ta uku, sai dai ba ta da armashi, babu wanda zai ba da labarinta a majalisa. Ga yadda take.

Farko a yanke abin da za a riƙa cirewa, kuma a cire shi kafin cefane, kafin aike gida. Mai albashi ya sa bankinsa ya riƙa zare kashi 10 cikin 100 washegarin shigar albashi. Ɗan kasuwa kuwa sai ya fara raba jari da riba, domin yawancin masu cewa ba su da abin ajiyewa ba su san ribarsu ba ne, aljihu ɗaya ke ɗauke da kuɗin kaya da na abinci da na gudummawar biki. A sami littafi, a rubuta saye da sayarwa na wata guda, a yanka wa kai albashi, daga cikinsa a cire kason. Mai samu kullum, kamar mai shayi ko mai faci, ya cire kullum, ya tura ranar Juma'a. Masu ba alajo kuɗi, wato mai zagayawa yana karɓar ajiyar kullum, su lura da wani abu: al'adar ita ce zubin rana ɗaya a kowane wata nasa ne. Mai zuba N2,000 kullum zai karɓi N58,000 a madadin N60,000, wato N24,000 ke nan a shekara yana biya don a riƙe masa kuɗinsa, ga hatsarin a wayi gari mai karɓar ya ɓace. Adashi tsakanin amintattu ya fi wannan, yana tilasta wa mutum tarawa, amma shi ma ba ya haihuwa, kuma wanda kwasarsa ta zo ƙarshe hauhawar farashi ta riga ta ci rabonta. Amfanin adashi shi ne ranar kwasa kuɗin ya wuce kai tsaye inda za a zuba shi, kada ya kwana a gida.

Kason watannin farko ba na jari ba ne, na ko-ta-kwana ne. Legas gari ne da ake biyan haya ta shekara gaba ɗaya, kuma sana'a kan tsaya dare ɗaya. A watan Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa, kuma waɗanda duk abin da suka mallaka babur ne sun ji jiki. Saboda haka a tara abin da zai riƙe gida wata 3 zuwa 6, a ajiye inda za a iya ɗauka cikin kwana biyu ko uku. Wanda ya tsallake wannan mataki, ranar da rashin lafiya ta zo dole ya sayar da jarinsa, kuma irin wannan rana ba ta duba ko kasuwa na sama ko na ƙasa. A san kuma cewa hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, tun 2024 tana lamunce wa kowane mai ajiya har N5,000,000 a bankin kasuwanci, N2,000,000 a ƙaramin banki. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, masu kuɗi ƙasa da wannan iyaka su aka fara biya, masu sama da ita kuwa, abin da ya haura iyakar sai da suka shiga jiran a sayar da kadarorin bankin. Wanda ajiyarsa ta haura iyakar ya raba ta banki biyu. In akwai bashin manhajojin waya masu ruwa a kansa, shi zai fara kashewa, don babu jarin halal da zai kawo abin da suke tatsa a wata.

Sai batun da ke hana mutanenmu da yawa kusantar wannan harka, wato tsoron riba ta haram. Tsoron yana kan hanya, amma yanzu akwai ƙofofin da aka buɗe domin masu wannan tsoron. Ofishin kula da basussuka na ƙasa, DMO, ya fara fitar da sukuk na gwamnatin tarayya a Satumban 2017: naira biliyan 100, na shekara 7, da ladar haya ta kashi 16.47 a shekara. Tsarinsa shi ne kuɗinka ya shiga gina titi, ka zama mai kaso a cikinsa, gwamnati ta riƙa biyan ka haya duk wata shida, in wa'adi ya cika ta mayar maka da uwar kuɗinka. Mafi ƙarancin shiga N10,000 ne, daga nan a ƙara dubu-dubu. Na 2020 ya zo da kashi 11.2, na Mayun 2025 kuwa kashi 19.75. A nan akwai abu biyu da ya kamata a fahimta. Ba kowane wata ake fitar da sukuk ba, kuma in an buɗe kwanaki kaɗan ne a rufe, don haka sai kuɗi na shirye a gefe. Na biyu, ladar a tsaye take har ƙarshen wa'adi. Wanda ya sayi na 2020 yana karɓar 11.2 ɗinsa a shekarar da kaya suka tashi da kashi 30 da wani abu, ka ga a zahiri baya ya ci. Kuma in ya matsu ya kai takardar kasuwa kafin wa'adi, a lokacin da sababbi ke biyan fiye da tasa, sai ya karyar da ita. Wannan ne dalilin da ya sa ba ma ba kowa shawarar ya juye komai a sukuk, duk da amincinsa.

Akwai kuma takardar lamunin tanadi ta gwamnatin tarayya da DMO ke buɗewa a farkon kowane wata tun 2017, daga N5,000, ta shekara 2 ko 3, ana biya duk wata uku. Wannan kuɗin ruwa ne kai tsaye, mun ambace ta ne don kada a rikita ta da sukuk, domin a wurin dillalai ɗaya ake samun su.

Ga wanda ke zuba kaɗan-kaɗan kowane wata, abin da ya fi dacewa shi ne asusun haɗaka, inda kamfani mai lasisi ke tattara kuɗin mutane da yawa ya zuba a madadinsu. Kamfanin Lotus Capital da Stanbic IBTC, da wasu, suna da irin waɗannan asusu da ke bin ƙa'idar shari'a, wasu na sukuk da cinikin murabaha (a sayi kaya a sayar da ribar da aka amince a kanta), wasu na hannun jari. Mun kawo sunayen a matsayin misali ne, ba talla ba. Abin dubawa kafin a sa hannu: shin sunan kamfanin da na asusun suna cikin jerin da hukumar kula da harkar zuba jari, SEC, ta wallafa a shafinta na intanet? Takardar rajistar kamfani ta CAC ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce, mai shagon ɗinki ma yana da ita, kuma da ita ake yawan rufe wa mutane ido. Sannan a tambayi nawa suke cira a shekara kuɗin kulawa, kwana nawa ake ɗauka kafin kuɗi ya fito in an nema, da ko akwai tara ga wanda ya janye kafin wata uku ko shida.

Kada a raina tambayar kuɗin kulawa. Mu ɗauki misali, lissafi ne kawai ba alkawari ba. Mai zuba N20,000 duk wata, in jarin na kawo kashi 15 a shekara kuma ba ya taɓa ribar, bayan shekara 10 ya zuba miliyan 2.4, zai tarar da kusan miliyan 5.5. In ya kai shekara 20, ya zuba miliyan 4.8, zai tarar da kusan miliyan 30. A lura, goman farko ta ba shi 5.5, goma ta biyu ta ƙara masa sama da 24, saboda riba ce ke haifar riba. Wanda ya gaji a shekara ta bakwai ya tashi daga gona ne ana gab da girbi. To, in kuɗin kulawa ya cinye kashi 2, aka koma 13, wannan miliyan 30 za ta dawo ƙasa da 23. Sama da miliyan 7 ta tafi a kan abin da aka ɗauka ƙaramin abu ne. Gaskiya ta biyu kuma mai ɗaci: miliyan 30 ta shekara 20 nan gaba ba ita ce ta yau ba. Maganin shi ne zubin ya riƙa tashi, duk shekarar da samu ya ƙaru a ƙara, shi ya sa muka ce kaso, ba mu ce adadi ba.

Yanzu hannun jari, wanda shi ne ya fi iya tsere wa hauhawar farashi a dogon zango, kuma shi ya fi saurin karya zuciya. Kasuwar tana nan Legas, a titin Customs da ke Marina, tun 1961 ake ciniki a cikinta, yanzu sunanta NGX. Ba a shiga sai ta hannun dillali mai lasisi. Za a nemi BVN, NIN, hoto, shaidar adireshi irin takardar kuɗin wuta, da lambar asusun banki. Dillalin zai buɗe maka asusu a CSCS, inda ake ajiye hannun jarin da sunanka, a ba ka lambar da ake kira CHN. Ka karɓi wannan lamba ka adana, ita ce shaidar cewa abin naka ne ko da dillalin ya rufe. Ka kuma nemi a sa kuɗin duk abin da ka sayar ya riƙa faɗawa asusun bankinka kai tsaye.

Dattawa da yawa in an ambaci hannun jari sai su kawar da kai, kuma suna da dalili. A Maris ɗin 2008 ma'aunin kasuwar ya haura 66,000, kafin shekara ta zagayo ya faɗo zuwa kusan 20,000, kuma bai sake taka wancan matsayi ba sai a 2023, shekara 15 ke nan. Amma a duba su wa suka fi ƙonewa: waɗanda suka ci bashin banki suka saya, waɗanda suka shiga da kuɗinsu gaba ɗaya a lokacin da kowa ke maganar, da waɗanda suka tara komai a bankuna biyu ko uku. Wanda ya ci gaba da saye da adadi ɗaya duk wata, kuɗinsa ya sayo masa hannun jari mai yawa a shekarun araha, kaɗan a shekarun tsada, ga rabon riba yana shigowa. Hikimar zubin wata-wata ke nan, yana raba mutum da duban lokacin shiga, abin da ko ƙwararru ba sa cin sa kullum. Daga nan ƙa'ida ta fito: kuɗin da za a buƙata cikin shekara 5, na haya, na makaranta, na aure, na kujerar Makka, ba ya shiga hannun jari.

Kamfani ɗaya kuma, komai girmansa, ba ya isa. MTN Nigeria da mutane da yawa suka saya a kan N169 a ƙarshen 2021, ya tafka asara a 2023 da 2024 saboda faɗuwar naira, rabon riba ya tsaya na wani lokaci, alhali layukansa na hannun kowa. Mai son saye da kansa ya bazu a kamfanoni 8 zuwa 10 daga fannoni daban-daban, siminti, sadarwa, abinci, manja, makamashi. Wanda ba shi da lokacin karanta rahoton kamfani, kuma yawancinmu haka muke, ya sayi asusun da ke bin ma'aunin NGX Lotus Islamic, wanda aka kafa a 2012, aka tace shi daga bankunan ruwa, kamfanonin giya, caca da masu bashi fiye da kima. Saye ɗaya ya ba shi kaso a dukkansu. A guji yawan saye da sayarwa: ladar dillali da ta hukumomi da haraji, in an haɗa shiga da fita, kan kusanci kashi 4 cikin 100. Mai juyawa sau biyar a shekara dillali yake yi wa noma.

Yaya za a raba? Ra'ayinmu, ga mai shekara 30 zuwa 40 wanda ya gama tara na ko-ta-kwana: rabi a hannun jari, rabi a sukuk da makamantansa. Mai shekara 55 ya rage hannun jari zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Sau ɗaya a shekara, a ce bayan ƙaramar salla, a zauna a duba, ɓangaren da ya yi baya a karkata sabon zubi gare shi har su daidaita. A wannan zaman ne kuma za a fitar da lissafin zakka, ɗaya cikin arba'in na abin da ya kai nisabi ya shekara, a tambayi malami yadda ake yi da hannun jarin da aka riƙe don rabon riba da wanda aka saya don sayarwa, domin hukuncinsu ya bambanta. Ban da wannan zama, a daina leƙa farashi a waya kullum.

Ma'aikata su tuna dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ba da 10. A riƙa duba saƙon kamfanin fansho, domin akwai masu cirewa daga albashi ba su tura ba. A cikin asusun da kamfanonin fansho ke gudanarwa akwai asusu na shida, wanda babu kuɗin ruwa a cikinsa, ana komawa da cike takarda. Masu sana'ar kansu ma an buɗe musu ƙofar fansho tun 2019.

Ba mu ce a bar fili da gwal da kiwo ba, su ne abin da iyayenmu suka sani. Sai dai fili a Legas ba a sayensa da rasit ɗin omo onile, wato 'yan asalin wurin masu sayar da fili, kawai, sai an kai taswirar awon ofishin filaye da ke Alausa an tabbatar ba ya cikin wanda gwamnati ta riƙe, sannan a nemi amincewar gwamna kan cinikin. Gwal ɗin ado yana riƙe daraja, amma kuɗin ƙira ba ya dawowa ranar sayarwa. Masu ɓoye hatsi kuwa sun ga yadda farashi ya karye a 2025. Shanun da aka bar wa ɗan uwa a gida ba rubutu, ba shaida, kowa ya san yadda labarinsu kan ƙare.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi cin dukiyar mutanenmu a ɓoye, wato takardu. Mutum ɗaya ne, amma a BVN Muhammad, a NIN Mohammed, a takardar hannun jari Mamman, ranar haihuwa kuma kowacce da tata. Rabon riba ba zai shiga ba sai sunaye sun dace, shi ya sa biliyoyin naira ke kwance ba a karɓa ba, kuma dokar kuɗi ta 2020 ta ce wanda ya shekara 6 ba a nema ba a mayar da shi wani asusun amana na gwamnati, inda karɓowa ke ƙara tsawo. A gyara suna ya zama iri ɗaya ko'ina. A cike takardar da ke ba rajistaran kowane kamfani izinin tura riba banki kai tsaye, za a cire harajin kashi 10 kafin ta iso, wannan ba cuta ba ce. Wanda mahaifinsa ya taɓa sayen hannun jari a shekarun baya ya bincika sunansa a shafin SEC. Sannan a sani, wanda aka rubuta a matsayin makusanci a takardar banki ba shi ne magaji ba, wanda za a tuntuɓa ne kawai. Kafin a saki dukiyar mamaci sai magada sun kawo takardar izini daga kotu, kuma ba za su nemi abin da ba su san da shi ba. A rubuta sunan dillali, lambar CHN, sunayen asusu da na kamfanin fansho a takarda guda, ban da lambobin sirri, a ba uwargida kwafi ɗaya, a ba wani amintacce a gida ɗaya, a sabunta ta a zaman nan na bayan salla.

Mun gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Daga wasu ma'abota jaridarka masu aiki a harkar kuɗi,
Agege, Legas.